Ranar da Habibu Ya Kauce Mini a Ruwa

Wannan babin na 'ya'yan Rabi ne, musamman ke Hauwa, da kika zo mini bara kina kumbura baki. Kin ce a gidan biki a Kano wata daga dangin kakarku ta nuna ki da baki, ta ce ga 'yar wanda ya bankaɗe surukinsa a cikin teku. Na san wadda ta faɗa ba sai kin gaya mini ba, kuma na san ba ta taɓa ganin ruwan da ya wuce kududdufin unguwarsu ba. To ni aka bankaɗe, kafaɗata ce ta karye, saboda haka ku zauna ku ji daga bakina.

A lokacin na daɗe a Guangzhou, ina sayen wandunan jins a Xintang ina turawa Kantin Kwari. Na kai matsayin da in na shiga Xiaobei, unguwar da 'yan kasuwarmu ke taruwa, samari ke miƙewa, in rigima ta tashi tsakanin ɗan kasuwa da mai kago ni ake kira. Girman kuma ya zo da hawan jini. Likita ya ce in rage gishiri, in rage waya, in nemi abin da zai riƙa fitar da ni daga ofis. Wanda ya samo mini abin shi ne Lawban Chen, wato maigida Chen da yarensu, mai masana'antar da nake sayen kaya a wurinsa tun kekunan ɗinkinsa ba su cika ɗaki ɗaya ba. Yana da wata ɗabi'a da na ɗauka taɓin hankali ce. Duk ƙarshen mako sai ya tafi Nansha, inda kogi ke shiga teku, ya hau wani ɗan jirgi mara inji, ƙyalle ne kawai a jikin doguwar sanda, iska tana tura shi. Ni Bakano, wanda iyakar sanina da ruwa alwala da wanka, na ce masa meyo, wato babu da yarensu, babu ni babu wannan. Ya yi ta naci har na bi shi don kunyar ciniki. Ranar da iska ta fara cika mini ƙyallen, jirgin ya zabura ba ƙara ba hayaƙi, wayata tana can kulle a bakin gaɓa, na ji wani sanyi a raina da na manta rabona da shi. Ba zan ɓoye muku ba, na kamu.

Kafin ya bar ni in tuƙa ni kaɗai sai da ya zaunar da ni a teburin shayinsa, ya jera ƙananan kofuna ya ce su ne jirage. Ruwa ba shi da titi, ba shi da danja, jirgi kuma ba shi da birki, shi ya sa duk duniya aka yarda da wanda zai kauce wa wani. Mai inji shi ke kauce wa mai ƙyalle, amma kada in kuskura in gwada wannan da manyan jiragen kwantena a mashigarsu, don kafin su iya juyawa sun bi ta kaina. Wanda ya zo wuce wani daga baya shi ke neman hanya. In kuma masu ƙyalle biyu za su gitta wa juna, wanda iska ke buga masa ta hagu shi ke kaucewa, ya bi ta bayan wanda iska ke buga masa ta dama. Duk wannan na gane ba wuya. Sai ya ɗaga kofi ɗaya ya riƙe shi a gaban hancina.

"Lawban Sabo, shi ma wannan mai hanyar akwai abin da ke kansa. Dole ya riƙe hanyarsa, kada ya juya, kada ya rage gudu. In ya ga kamar ba a gan shi ba, ya ɗaga murya. Sai ya tabbata ɗayan ba zai kauce ba, sannan ya ceci kansa."

Na ce, "In ya ga dama ya yi kara fa, ya ce wa ɗan'uwansa bismillah, wuce?"

Ya ce, "Babu kara a nan. Kai da za ka kauce, da shi kake auna inda za ka bi. In ya motsa, ka rasa inda za ka sa kanka."

Ya haɗa kofunan biyu suka yi ƙara, shayi ya zube a tebur. Na yi dariya, ban san ni da wa ake kwatantawa ba.

Yanzu ga babanku. Habibu ɗan Zongon Kumasi ne, ya yi aiki a tashar jiragen ruwa can ƙasarsu kafin ya zo ya buɗe ofishin kago a benen da nake. Rabi tana taimaka mini a ofis, ya gan ta, ta gan shi. Ni na ba shi ita da zuciya ɗaya, don na ga yadda yake riƙe kayan mutane. Kakarku Hajiya Binta ce ba ta so ba. Ba wani aibu ta gani ba, sai dai ba ta san kakanninsa ba, kuma Hausarsa tana ba ta haushi, don zai iya ce wa mace "ya zo" ko a jikinsa. Danginta a Kano suka yi ta hura mata kunne a waya, wai mutanen can ba su san kunya ba, wai sai ta ga yana miƙa mini hannu a tsaye. Maganar ta kai kunnen Habibu, sai ya ɗauki kunyar surukai ya ninka ta. In ya hango ni a barandar bene sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa a kan tayil, 'yan China na ratsa shi da kurar kaya suna kallon ikon Allah. In lif ta buɗe ya gan ni a ciki, sai ya ja da baya ya bi matakala. In na shiga gidan abinci yana ci, sai ya rufe kwano ya sulale ta ƙofar baya. Na shekara ban san launin ƙwayar idonsa ba. A gaskiya abin yana mini daɗi, wane tsoho ne ba ya so? Hajiya kuwa ba ta sauko ba. Rabi 'yar fari ce, ko sunanta ba ta faɗa, balle na mijinta. "Mutumin Ghana" take ce masa.

Chen ne ya jawo shi cikin harkar ruwa, don shi da nasa surukin tare suke shan shayi har da musu, ya kasa gane namu. Habibu bai iya ce masa a'a ba, kuma cikin ɗan lokaci ya fi ni iyawa. Chen ya so ya haɗa mu a jirgi ɗaya, amma jirgin ɗan mitsitsi ne, gwiwa na taɓa gwiwa, Habibu ya ce shi dai a yi masa rai. Sai kowa ya riƙa ɗaukar nasa. In ina gabas yana yamma, Chen yana zagaya mu da ƙaramin jirginsa mai inji.

Ranar da abin ya faru hantsi ne, rana tarwai. Iska ta juya tana fitowa daga inda za mu koma, kuma jirgin ƙyalle ba ya tunkarar iska kai tsaye, sai dai ka yi ta karkata, ka je dama ka dawo hagu. Dukanmu gida muka nufa, don haka dole hanyoyinmu su gitta. Na hango shi yana tahowa ta damata. Na duba, iska tana buga mini ta hagu, shi tana buga masa ta dama. Hanyarsa ce. Na ji daɗi ma, na ce yau zan nuna wa Chen karatunsa ya zauna. Na sassauta igiya tun da wuri, na karkata kan jirgina don in bi ta bayansa, daidai yadda aka yi da kofuna. Ina cikin juyawa sai na ga kan jirginsa shi ma ya karkato. Ya ga ni ne. Ya ga zai gitta ta gaban uban matarsa, shi yana zaune, ni ina ratse masa. Sai ya juya don ya bi ta bayana, ya faɗo daidai gurbin da na zaɓa. Na ƙara juyawa, ya ƙara. Kun san yadda mutum biyu ke yi a ƙofar masallaci, wannan ya ce bismillah wancan ya ce bismillah, har su yi karo? To haka, sai dai mu iska ce ke tura mu. Chen yana ihu daga nesa. Habibu bai yi mini kira ba, ga shi dokar ta ce ya ɗaga murya, shi kuwa ina zai iya ɗaga mini murya.

Jiragen suka haɗu kai da kai. Sandar ƙarfen da ke riƙe da ƙasan ƙyallena ta wulwulo ta same ni a kafaɗar hagu, ta jefa ni cikin ruwa. Rigar da ke hana nutsewa ta ɗago ni, amma hannu ya ƙi motsi, ina ta shan ruwan gishiri. Wanda ya fara isowa babanku ne. Ya faɗo ruwan ya tallafo kaina a ƙirjinsa har Chen ya iso. Ranar ce ya fara taɓa jikina, kuma ko a nan fuskarsa tana kallon gefe.

An yi mini aiki a asibiti, aka sa ƙarfe a ƙashin. Kwanakin farko magani ya sa ba na gane na shiga da na fita, kuma a kwanakin nan ne labari ya riga ni fita. Kafin in dawo hayyacina Xiaobei ta gama shari'a: wai Habibu tsere yake da ni, wai ya ƙi kauce wa babba, wai da ma an faɗa. Shi kuma ya taimaka musu da halinsa. Kullum yana asibitin, amma a baranda yake tsayawa, don ba zai shiga ya ga surukinsa kwance ba riga ba. Masu zuwa dubiya suka ce ko ɗakin bai taɓa leƙawa ba. Wanda ya tambaye shi yadda aka yi, amsarsa ɗaya ce, "Laifina ne." Hajiya ta je da kanta ta ɗauko Rabi, tana da cikinki Hauwa, ta dawo da ita gidanmu. Yayan Hajiya ya bugo daga Kano ya ce a sa yarinya a jirgi ta haihu a gida, sauran magana a yi ta daga baya. Kowa ya san abin da "daga baya" ke nufi.

Da na koma gida na ga Rabi tana shanya a baranda ido ya kumbura, raina ya ɓaci ƙwarai. Na kira Hajiya, na jera mata kofuna kamar yadda aka jera mini. Na ce mata hanyar tasa ce, ni ya kamata in kauce.

Ta ce, "Au, wato dokar jirgin ce ta ce tsoho ya kauce wa yaro? Shi ya sa ya taho gadan-gadan?"

Na ce, "Bai taho ba, Hajiya. Kaucewa ya yi."

Ta ce, "Ya kauce kuma ya buge ka? Alhaji, ka daina rufa masa asiri. Ni ba yarinya ba ce. Wanda ya kauce ba ya karya mutum."

Duk yadda na juya maganar sai ta ƙara lalacewa. In na ce hanyarsa ce, su ji girman kai. In na ce ya ba ni hanya, su ji ƙarya. Dattawan da muke sallah tare su ma haka, sai su gyaɗa kai su ce Allah ya saka mini da wannan haƙuri. Na gane baki ba zai yi ba. Na ce wa Hajiya ta ba ni lokaci kafaɗa ta ɗan haɗe, in kai ta wurin ta gani da idonta. In ta gani ta ce a raba, ba zan ƙara cewa komai ba. Ta yarda, don ta tabbata ita ce da gaskiya. Likita ya ce kada in ja ko igiyar shanya kafin shekara ta zagayo. Amma cikin Rabi ba zai jira shekara ba, yayan Hajiya ma haka.

Kafin nan sai da na yi abin da wasu dattawan ba su yafe mini ba har yau. Na aika aka kira Habibu gidan abincin da jama'armu ke taruwa bayan Juma'a. Ya zo ya tuɓe takalmi zai durƙusa, na ce ya hau kujera. Na sa aka kawo tuwo a kwano ɗaya. Kowa a wurin ya juyo yana kallonmu.

Na ce, "Sa hannu."

Ya ce, "Baba, a yi mini afuwa."

Na ce, "Ɗago ka dube ni. Kunyarka ta karya mini kafaɗa, yanzu tana neman ta kashe maka aure. Na gode da ita, na ƙoshi. Za mu koma ruwan nan, za ka taho ta damata kamar ran nan, za ka riƙe hanyarka, ni zan bi ta bayanka. Ka ji ko ba ka ji ba?"

Ya ɗago. Idanunsa jajur, ashe ya rame ban sani ba. Ya ce, "Baba, in gitta gabanka Hajiya yana kallo?"

Na ce, "Tana kallo. Ci tuwo."

Ya ci loma biyu kamar mai haɗiyar magani. Washegari aka fara cewa Alhaji Sabo ya zubar da girmansa, yana haɗa kwano da mijin 'yarsa a bainar jama'a. Daga lokacin kiran sulhu ya ragu, aka samu wani dattijon. Ya yi mini zafi, ba zan ce bai yi ba.

Ranar da muka koma, Chen ya ɗauki Hajiya da Rabi a jirginsa mai inji. Ku da kuka san kakarku ku kwatanta ta da rigar ruwa ruwan lemo a kan mayafi, ta ƙanƙame ƙarfen jirgi da hannu biyu tana ta salati. Chen ya bi kusa da Habibu don su ga komai. Na ja nesa na juyo, iska ta hagu, ga shi yana tahowa ta dama. Na sassauta igiya na fara karkata. Daga inda nake ƙyallensa kawai nake gani, sauran Rabi ce ta ba ni labari. Ta ce tun daga nesa ya daure, ya riƙe sandar tuƙi da kyau, haƙora a cije. Da muka matso har ana gane fuska, sai kansa ya sunkuya. Sai ya fara zamowa daga inda yake zaune, gwiwa na neman ƙasan jirgi, zai durƙusa mini a tsakiyar ruwa. Hannun da ke kan sanda ya sassauta, kan jirgin ya soma karkatowa wajena, daidai irin na ran nan. Rabi ta ce uwarta ta zuba masa ido. Ni ma na ga kan jirgin ya motsa, na ce shi ke nan, an sake.

Sai na ji murya ta ratso iska, muryar da na sani a tsakar gida:

"Habibu! Riƙe hanyarka, ɗan nan! Kada ka kauce masa!"

Ban san ko tsoron Hajiya ne ko jin sunansa a bakinta ba, ya miƙe zumbur, jirginsa ya koma kan hanya ya wuce ta gabana a guje. Na bi ta bayansa lafiya lau, da tazarar da har na ga sawun da ya bari a ruwa. Da na zo jawo igiya in koma tawa hanyar, na ji wani abu ya tsinke a kafaɗar. Na san ta tafi, amma dariya nake yi ni kaɗai kamar wanda aka yi wa bushara.

A bakin gaɓa Hajiya ta sauko, ta cire rigar ta miƙa wa Chen ta ce masa shiye-shiye, wato na gode, kalmar da ta iya ke nan a yarensu. Ba ta dubi Habibu ba, ba ta dube ni ba. Sai ta juya wajen Rabi.

Ta ce, "Ke kuma in mun koma ki tattara kayanki ki tafi ɗakinki, kin cika mini gida. Ki riƙa ba shi abinci, dubi yadda ya koma."

Ban ƙara hawa jirgin ƙyalle ba. Kafaɗar ba ta sake haɗewa daidai ba, shi ya sa kuke ganin in zan yi kabbara hannun hagu ba ya kaiwa kunne, kuna ƙanana kuna kwaikwayona a bayan sallaya kuna zaton ban gani ba. Na yi kewar ruwan sosai, har yanzu in iska ta kaɗa labule sai na duba ta wane gefe ta fito. Amma a Guangzhou aka haife ki Hauwa, a ɗakin uwarki, babanki ne ya yi miki huɗuba. Habibu bai daina girmama ni ba, sai dai tun daga ranar in yana da magana yana faɗa mini, in na yi ba daidai ba ya ce Baba ba haka ba ne, ni kuma na san inda zan bi da shi.

Kakarku kuwa har ƙarshen rayuwarta ba ta yarda ta kira sunansa ba. In na tsokane ta sai ta ce iska ce ta kawo mana, ita salati take yi. Dangin nata na Kano ba ta taɓa zama ta warware musu ba, don warwarewar na nufin ta ce ta yi kuskure, ku kuma kun san ta. Shi ya sa tsohon labarin yake yawo har ya same ki a gidan biki.

Sau biyu na ji sunan a bakinta. Na biyun a asibiti ne a Kano, a ciwonta na ƙarshe. Ɗaki cike da 'yan'uwanta, har da wadda ta nuna ki da baki. Ta buɗe ido ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Ina Habibu?" Ya taho daga filin jirgi ke nan, yana baranda. Da ya ji, bai tuɓe takalmi ba, bai tsaya neman izinin kowa ba. Ya ratso ta tsakiyar ɗakin kai tsaye, mu duka muka kauce masa, ya je ya riƙe hannunta.